Manufa da Tsari a Fannin Raya Al'adun Al'umma: Abin da Ake Karantawa a Digiri na Biyu

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya gama digirin farko a sashen harsuna yakan ɗauka cewa hanya biyu ce kawai a gabansa: ko ya shiga aji ya koyar, ko ya ci gaba da nazarin nahawu da adabi har ya kai digiri na uku. Akwai hanya ta uku wadda ba a cika ambatonta ba, wato fannin da za mu kira raya al'adun al'umma a wannan takarda. Ana karanta shi a matakin digiri na biyu, kuma ɓangarensa mafi wuya shi ne na manufa da tsari. Wanda ya ji sunan zai zaci kiɗa da rawa da tarihin sarautu za a koya masa. Amma yawancin lokacinsa zai tafi ne wajen karanta dokoki da kasafin kuɗi da rahotannin taro, sannan da zama a inuwar dogon yaro yana sauraron mutanen da ba su taɓa ganin waɗannan takardu ba. Tambaya guda ce karatun yake kewayawa a kanta: idan hukuma ta ce za ta raya al'adun wasu mutane, wa ke yanke shawara, kuma kuɗin a hannun wa yake?

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Tun da mu masu nazarin harshe ne, bari mu fara da kalmomin, domin kowace daga cikinsu tana da tarkonta.

"Al'ada" daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta abin da aka saba yi. A kunnen Bahaushe takan kawo hoton biki da suna da wankan jego, wato abin da kakanni suka bari. Sau da yawa ma ana gwama ta da addini, a ce "wannan al'ada ce, ba addini ba ne", wato an rage mata daraja ke nan. (Mai fassara ya kuma tuna cewa tilon kalmar yana da wata ma'ana a bakin mata da likitoci, shi ya sa jam'in, "al'adu", ya fi zama lafiya a kan allon taro.) Masana wannan fanni kuwa da ma'ana mai faɗi suke aiki, wadda babban taron UNESCO na birnin Meziko ya amince da ita a 1982: al'adu sun haɗa da fasaha da adabi, har da yanayin zaman mutane, da abin da suka ɗauka da daraja, da abin da suka yi imani da shi. A bisa wannan ma'ana, fim ɗin Hausa da waƙar zamani ta matasan Yamai da hirar shayi a fada duk al'adu ne. Saboda haka duk wanda ya liƙa kalmar "gargajiya" a jikin sunan fannin ya rufe ƙofa ga fiye da rabin mutanen da ya ce zai yi wa aiki.

"Raya" mun san ta a "raya karkara" da "raya ƙasa". Aibinta shi ne tana nuna kamar akwai abin da ke gargarar mutuwa, ga kuma wani daga waje da ya zo da ruwa zai yayyafa masa. Za mu riƙe ta don an saba da ita, amma a sani cewa a nan mai rayawa da wanda ake raya wa mutum ɗaya ne.

"Al'umma" ta fi su duka haɗari. Tana iya nufin Musulmin duniya, ko ƴan ƙasa, ko mutanen ƙauye guda. A wannan fanni tana nufin mutanen da wuri ɗaya, ko sana'a ɗaya, ko matsala ɗaya ta haɗa. Kuskuren sabon ɗalibi shi ne ya rubuta "al'umma ta ce", kamar baki ɗaya gare ta. A gari guda akwai gidan sarauta, akwai malamai, akwai ƴan bori, akwai matan kulle, akwai maƙera da mahauta, akwai Fulanin da ke zaune bayan gari, akwai samarin da rabin shekara suna ci-rani. Wanne ne a cikinsu ya ce?

Sai "manufa" da "tsari". Faransanci kalma ɗaya yake da ita wadda ta ɗauki ma'anar siyasa da ta manufa, shi ya sa ake jin wasu suna fassara "siyasar al'adu". Bahaushe in ya ji "siyasa", jam'iyya da zaɓe da alkawarin da ba a cikawa yake tunawa. Hausa ta raba su, mu ma sai mu raba. Manufa ita ce matsayin da hukuma ta ɗauka: ina za a dosa, kuma don me. Tsari shi ne yake faɗin wa zai yi me, yaushe, da nawa, daga wace jaka. Ƙarƙashin tsari ake samun shiri, ƙarƙashin shiri ake samun aikin da mutanenmu ke kira furoje.

3. Inda fannin ya fito

A 1959 Faransa ta kafa ma'aikatar al'adu, aka ba marubuci André Malraux. Tunaninsa shi ne akwai manyan ayyukan fasaha waɗanda ƴan birni masu hali kaɗai ke cin moriyarsu, aikin gwamnati kuma shi ne ta kai su ga kowa. Daga nan aka fara gina gidajen al'adu a manyan garuruwa, na farko a Le Havre a 1961. Ƙasashen da Faransa ta mallaka sun gaji wannan tunani tare da gininsa, kuma gidajen matasa da al'adu da ke garuruwanmu dangin waɗancan ne. A shekarun 1970 aka fara sukar sa a Turai kanta. Masu suka suka ce talaka ba tulu ba ne da ake jiran a cika shi. Yana da nasa al'adun, abin da ya rasa shi ne wuri da kuɗi da ikon faɗa a ji. Wannan ra'ayi na biyu shi ake kira dimokuraɗiyyar al'adu, kuma shi ne uwar fanninmu.

Sunan fannin kansa a Ostireliya ya kafu. Hukumar fasaha ta ƙasar ta sanya shi a kan sashenta mai kula da ayyukan unguwanni da ƙauyuka a 1987, daga baya makarantu suka buɗe kwasa-kwasai da wannan suna. A 2001 Jon Hawkes ya fitar da ɗan littafinsa inda ya ce duk tsarin ci gaba ana dafa shi ne a kan duwatsu uku, tattalin arziki da zamantakewa da muhalli, alhali akwai na huɗu da ake mantawa, wato al'adu. A shekarar kuma Don Adams da Arlene Goldbard suka rubuta nasu a Amurka. UNESCO ta ware 1988 zuwa 1997 a matsayin shekaru goma na raya al'adu, ta kuma samar da yarjejeniya biyu da kowane ɗalibi zai karanta: ta 2003 kan gadon da ba a taɓawa da hannu, da ta 2005 kan bambancin hanyoyin bayyana al'adu. Afirka tana da nata kundin, wanda aka amince da shi a Port Louis a 1976, aka sabunta shi a Khartum a 2006.

Wannan tarihi ana haddace shi cikin mako biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne auna shi da abin da ya faru a ƙasa.

4. Darasin samariya

Ba ma bukatar zuwa nesa don neman misali, domin Nijar ta yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan fanni a yankinmu, tun kafin a san sunansa a nan.

Samariya tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Kowane gari yana da sarkin samari da muƙarrabansa, su ke kiran gayya a gonar wanda ya gaza, su ke shirya kokowa da wasan dandali bayan girbi, su ke tarbar baƙi. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan ma'aikatan gwamnati, jama'a na dariya, masu mulkin na kallo. Babu minista da ya ƙirƙiro wannan, babu kasafin kuɗi.

Da sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ƙarƙashin Seini Kunce, sun soke jam'iyya, amma suna bukatar hanyar isa ga jama'a. Sai suka ɗauko samariya, suka yi mata tsani tun daga unguwa da ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya. Samariya ta gina azuzuwa, ta dasa itatuwa, ta share tituna. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwa, ana gasar wasan kwaikwayo da rawa da waƙa, bayan an tace ƙungiyoyi tun daga ƙasa. Garin da ya karɓi biki yakan samu gine-gine da filayen da ba shi da su a da. Daga 1979 aka fara shirin da aka kira al'ummar ci gaba, mai majalisu hawa biyar daga ƙauye zuwa ƙasa, aka ce samariya da ƙungiyoyin haɗin kan manoma su ne ginshiƙanta biyu; an kafa majalisar ƙolinta a 1983.

Idan aka dubi wannan da idon mai tsari, abin yabo yana da yawa, kuma ban yarda da masu share shi da kalma ɗaya ba. Manufar a fili take: haɗin kan ƙasa. Akwai kalanda da kowa ya sani, akwai kuɗi, akwai wanda za a tuhuma in abu bai yiwu ba. An yi wasannin da harsunan ƙasa, ba da Faransanci kaɗai ba, kuma yawanci ba tare da rubutaccen wasa ba: ƴan wasa su zauna su tsara labari, kowa ya zuba maganarsa. Bahaushen Maraɗi ya ga rawar Difa, Bazabarme ya ji waƙar Agadas. Da gidan talabijin na ƙasa ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, ƴan wasa irin su Yazi Dogo suka zama sanannu a ko'ina. Janet Beik ta yi nazarin wasan kwaikwayon Hausa na wannan zamani a littafinta na 1987, kuma ya kamata kowannenku ya neme shi.

To, amma wa ya yanke shawara? Jigogin wasannin sun bi abin da gwamnati ke son a ji: haɗin kai, yaƙi da cin hanci, illar ƙaura zuwa birni, sa yara makaranta, auren dole. Jigogi ne masu kyau, ba wanda ya ce ba haka ba. Sai dai ƙungiyar da ke son cin gasa ta san abin da alƙalai ke jira, ta kuma san iyakar da ba a tsallakewa. An iya zagin ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi da ƙaramin ma'aikaci mai karɓar goro, amma ba a iya tambayar me ya sa ba a zaɓe. Sarkin samari, wanda a da samari ne ke ɗora shi su sauke shi, ya koma mutumin da hukuma ke kira idan babban baƙo zai zo. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, a 1989 tsarin ya rikiɗe ya zama jam'iyya, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta dusashe, domin mutane da yawa sun riga sun ɗauke ta kayan gwamnatin da ta wuce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin lura shi ne kokowa ba ta bi ta ba. Gasar takobi ta tsallake sauye-sauyen gwamnati da yawa. Ɗalibi zai iya kawo dalilai: kokowa tana da ƴan kallo da ke son ta tun kafin hukuma ta shigo, tana da makaɗanta da bokayenta da attajiran da ke zuba kyauta, kowace jiha tana ganin mutuncinta a ciki, kuma babu alƙalin da zai ce wanda aka kayar shi ya yi kaye don ya faɗi abin da ake so. Wani ɗalibin zai ce ai ita ma da kuɗin gwamnati take tafiya, a janye a gani. Irin wannan gardama ita ce ainihin aikin aji a digiri na biyu. A ɗaya gefen kuma, a shekarun 1990 fada ta ɓullo a titunan garuruwanmu: samari marasa aiki, tabarma, butar shayi, suna a jikin bango. Babu manufar da ta haife ta, amma ta ɗauki wani ɓangare na gurbin da samariya ta bari. Adeline Masquelier ta yi littafi a kanta a 2019.

Akwai ma'auni da ake koya wa ɗalibai don irin wannan nazari. A 1969 Sherry Arnstein ta kwatanta shigar jama'a cikin shawara da tsani mai matakala takwas. A ƙasa akwai juya mutane yadda ake so da sunan an sa su a ciki. A tsakiya akwai sanar da su, da jin ta bakinsu ba tare da alkawarin aiki da abin da suka faɗa ba. A sama akwai tarayya, da miƙa musu wani iko, da barin ragamar a hannunsu. Ku gwada ɗora samariya a kan wannan tsani. Za ku ga amsar tana canzawa gwargwadon ko maganar aikin gayya ake yi ko maganar jigon wasa.

Kada kuma a zaci matakalar sama wurin hutawa ce. A Kamirithu ta ƙasar Kenya, manoma da ma'aikata sun gina dandalinsu da hannunsu, suka shirya wasa da harshensu na Gikuyu tare da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii a 1977, suka saka maganar filaye da albashi a ciki. An hana wasan, an tsare Ngugi wa Thiong'o shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Mai tsari da ya ce zai bar mutane su faɗi abin da ke ransu ya san cewa wata rana abin ba zai yi wa mai biyansa albashi daɗi ba.

5. Yadda ake koyon tsari

A Nijar an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yuli 2004, aka samu ƙananan hukumomi 265, kowace kuma aka bukaci ta rubuta tsarinta na ci gaba na ƴan shekaru. A Afrilu 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa masu riƙo, amma ƙaramar hukuma tana nan a matsayin wurin da tsari ke haɗuwa da ƙasa. Duk wanda ya karanta irin waɗannan takardu zai lura cewa rijiya da asibiti da aji suna da lissafi dalla-dalla, al'adu kuwa sau da yawa layi biyu ne a ƙarshe: a gina gidan matasa, a sayi kujeru da lasifika. Abin da ake horar da ɗalibi ya gyara ke nan.

Matakin farko shi ne ƙidayar abin da ke akwai, wadda ake kira taswirar al'adu. Ɗalibi zai bi gari gida gida: makaɗa nawa ne, na wace sana'a, wa ke koyo a hannunsu? Marina nawa ke aiki, nawa aka cike da shara? Akwai maginin da ya iya daurin guga da zanen bango, shekarunsa nawa? Ina dandali, ina gidan kallo, ina makarantun allo, akwai rediyon karkara? Su wa ke ɗaukar waƙa a waya suna rabawa? Yawancin wannan ba ya cikin rajistar kowace hukuma, kuma abin da ba a rubuta ba, ba ya samun layi a kasafi.

Na biyu shi ne jin ta bakin mutane, kuma a nan ne aka fi yin ha'inci ba da niyya ba. An kira taro a ofishin magajin gari da hantsi, ranar kasuwa, ko tsakiyar damina. Waɗanda suka zo su ne waɗanda kullum ke zuwa, don sun san akwai kuɗin zama. Mai gari ya yi magana, liman ya yi addu'a, aka tafa, aka rubuta cewa al'umma ta amince. Matar da ta san waƙoƙin daka da na niƙa tana gida, kuma ko ta zo ba za ta buɗe baki gaban surukinta ba. Maroƙi ya zo, amma matsayinsa bai ba shi damar musa wa mai sarauta ba. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya raba zama: na mata daban, a cikin gida, a lokacin da suka zaɓa, na samari a fadarsu, na makiyaya a rugarsu. Ana koya masa dabarun binciken haɗin gwiwa da aka fi danganta su da Robert Chambers, inda mutane ke zana taswirar garinsu a ƙasa, su jera bukatunsu da tsakuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi a inda zai iya faɗa.

Na uku kuɗi. Kasafi kashi biyu ne: na gini da na tafiyarwa. Mai ba da tallafi yana son gini, domin ana ɗaukar hotonsa a manna masa allo. Ba ya son biyan kuɗin wuta da albashin mai gadi na shekara goma. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su, irin su Maraɗi Kwalliya a 2015 da Damagaram Sabuwa a 2018, sun bar wa garuruwa gine-gine masu yawa, kuma tambayar da mai tsari zai yi a kan kowanne ita ce: a kasafin wa aka sa gyaransa, kuma wa ke riƙe da makulli? Haka nan ɗalibi zai koyi karanta sharuɗɗan tallafi. Ƙungiyar wasan da ke rayuwa da kuɗin faɗakarwa, bana kan ƙanjamau, baɗi kan gidan sauro, za ta wayi gari ba ta da labarin kanta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai rikici, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika shirya ɗalibinmu a kansa ba. A Nuwamba 2000, bikin nunin tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya a Yamai ya jawo zanga-zanga da ƙone-ƙone a Yamai da Maraɗi. A 2016 gwamnatin Nijeriya ta janye shirin gina ƙauyen fim a jihar Kano bayan malamai da jama'a da dama sun yi tir da shi. Ko mene ne ra'ayin mutum kan waɗannan biyu, darasin mai tsari ɗaya ne: masu adawa su ma ƴan al'umma ne, ƙin yarda kuma shi ma matsayi ne na al'ada. Wanda bai zauna da su tun farko ba zai haɗu da su a titi. Zama da su kuma ba ya nufin ba su ikon hana kowa komai, domin ƴar fim da makaɗin bori su ma suna da haƙƙi a garin. Babu lissafin da ke warware wannan. Ana koyon sa ne ta nazarin misalai ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙarshe awo. Ƙirga mutanen da suka halarci biki abu ne mai sauƙi, kuma kusan ba ya nuna komai. Tambayoyin da suka fi amfani sun fi wuya: bayan shekara uku, yara nawa ke koyo a hannun tsohon magini? Kwamitin da aka kafa yana zama ba tare da kuɗin zama ba? Yarjejeniyar 2003 ta ɗora wa ƙasashe sharaɗin shigar da masu al'adar, kuma ba a saka abu cikin jerin UNESCO sai da yardarsu. A 2014 aka saka wasan barkwanci tsakanin taubasai da ƙabilun Nijar a wannan jeri. Ga batun kundi mai kyau: me ke faruwa da tsokanar da ke tsakanin Bafillatani da Babarbare idan aka ɗauke ta daga kasuwa aka ɗora ta a dandamali, da alƙalai da kyauta?

6. Gurbin mai harshe

Taron ƙauye da Hausa ake yin sa, takardar tsari da Faransanci ake rubuta ta. Tsakanin biyun akwai mutum ɗaya, tafinta, wanda ba a sa sunansa a rahoto, alhali shi ne ya zaɓi abin da ya haye da abin da ya faɗi ruwa. Tsohuwa ta ce "yaran yanzu ba su da kunya", aka rubuta cewa jama'a na bukatar faɗakar da matasa. Ita kuwa wataƙila abin da take nufi shi ne an daina tatsuniya da dare, jikokinta ba sa zama wurinta. Da an fahimce ta, da abin da za a sa a tsari daban ne, kuma ya fi araha. Wanda ya karanci karin magana da habaici da zaurance, ya san cewa "to" tana da ma'ana biyar, ya riga ya mallaki rabin kayan aikin wannan fanni.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma a Nijar. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan manufa ce. Tsarinta shi ne wa zai fassara takardun ƙananan hukumomi, da waɗanne kalmomi, wa zai horar da sakatarori, da kuɗin wa. Akwai kuma gargaɗi ga mu masu Hausa: a garin da Buzaye ko Fulani ko Barebari ke zaune, Hausa tana iya yi musu abin da Faransanci ya yi mana, wato ta zama harshen da ake yanke shawara da shi alhali su suna gyaɗa kai.

7. Inda ake karatun, da batun kundi

A yankinmu tsohuwar makarantar wannan fanni ita ce cibiyar CRAC da ke Lome, wadda aka buɗe a 1976 don horar da jami'an al'adu na ƙasashen Afirka, daga baya ta koma IRES-RDEC. Jami'ar Senghor da ke Iskandariya ta Masar, wadda ta fara aiki a 1990, tana da sashen al'adu a digirinta na biyu. Tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a Maris 2025, don haka mai nema ya binciki sharuɗɗan shiga da kyau. A Porto-Novo akwai makarantar kayan tarihi ta Afirka tun 1998. A Zariya kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara kai wasan kwaikwayo ƙauyuka tun tsakiyar shekarun 1970 a zamanin Michael Etherton, kuma ta daɗe tana horar da ɗalibai kan wasan kwaikwayo don ci gaba. Wanda zai yi bincike a Yamai yana da taskar muryoyi da rubuce-rubuce a CELHTO da IRSH.

Game da kundi, a guji take mai faɗi irin "al'adu da ci gaba a Nijar". A ɗauki ƙaramar hukuma guda, ko gidan matasa guda, ko rediyo guda, a bi kuɗinsa na shekara biyar: nawa aka rubuta, nawa aka fitar, a kan me, wa ya sa hannu. A nemi izini kafin ɗaukar murya, a faɗa wa mutum inda muryarsa za ta je, a kuma bar masa kwafi. Idan an kare kundin gaban malamai, a taƙaita shi da Hausa, ko da harshen da aka yi hirar da shi, a koma garin a karanta, ko a ba gidan rediyon su sa bayan sallar isha'i, lokacin da mata suka gama aiki.